Ladan cin gasar Eurovision ɗawainiya ce

Na shafe shekaru ina kallon gasar waƙa ta Eurovision kamar yadda galibin mutane suke kallonta: in saurari waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, in zaɓi wadda ta kwanta mini a rai, sannan in zauna jiran maki ina mita a kan son zuciyar alƙalai. Abin da ya sauya mini kallo wani gajeren bidiyo ne da wani ɗan kallo ya ɗauka da wayarsa daga can saman kujerun zauren, a daidai lokacin da ake ɗauke hankalinmu, mu da muke gida, da ɗan fim ɗin gabatar da mawaƙin da zai shigo. A bidiyon, ana rage hasken fitilu sai ga mutane sanye da baƙaƙen kaya sun kwararo daga gefe biyu na dandamali. Wasu suna tura wani ƙaton abu mai tayoyi zuwa waje, wasu suna jawo wani ciki, mutum biyu suna share tarkacen takardu masu ƙyalli da mawaƙin baya ya bari, wani kuma yana riƙe da hannun mawaƙiyar da za ta fara yana kai ta daidai inda za ta tsaya. Shi kansa daɓen dandamalin allo ne mai haske, kuma a wannan ɗan taƙin sai ya daina nuna ado ya koma nuna layuka da alamomin inda kowane kaya zai zauna. Ban gama ƙirga hamsin ba wurin ya koma fayau, kiɗa ya tashi, kamar ba a taɓa taka shi ba.

Tun daga ranar na daina ɗaukar gasar a matsayin bikin waƙa kawai. Shirin talabijin ne na kai tsaye wanda yake cin kusan sa'a huɗu a daren ƙarshe, wanda masu shirya shi suka ce mutum miliyan 162 ne suka kalle shi a 2023, miliyan 166 kuma a 2025, kuma mafi nauyin aikinsa yana wuyan mutanen da kyamara ba ta taɓa haska fuskarsu ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai kuwa shi ne hanyar da ake bi wajen zaɓar wanda zai ɗauki wannan nauyi.

Mutane da yawa suna zaton gwamnatoci ne suke fafatawa, alhali tashoshin talabijin ne. Mai gasar ita ce ƙungiyar kafofin watsa labarai ta Turai, wato EBU, wadda hedikwatarta take Jeneba, kuma tashar da take cikin ƙungiyar ita ce take da ikon turo mawaƙi da sunan ƙasarta. Shi ya sa ake ganin Isra'ila a ciki, shi ya sa Maroko ta taɓa shiga sau ɗaya a 1980, Ostareliya kuma take zuwa tun 2015 bisa gayyata. An fara gasar ne a birnin Lugano na ƙasar Suwizalan ranar 24 ga Mayu, 1956, da ƙasashe bakwai kacal, kowacce da waƙa biyu, an kuma ari tsarin ne daga bikin waƙa na Sanremo da ake yi a Italiya. A wancan zamanin, haɗa tashoshin ƙasashe daban-daban su nuna hoto ɗaya a lokaci ɗaya shi kansa abin a zo a gani ne, don haka tun fil azal gasar gwajin fasahar watsa shirye-shirye ce da aka yafa wa rigar waƙa.

Daga 1958 aka kafa al'adar da har yau ake bi: tashar ƙasar da ta ci ita ce mai masaukin baƙi a shekara mai zuwa. Mawaƙin da ya yi nasara ba ya samun ko kwabo daga masu gasar, abin da ake miƙa masa kofi ne na gilashi mai siffar makirufo. Tashar da ta turo shi kuwa, kafin tafin ya lafa ta riga ta shiga bashin shirya ɗaya daga cikin manyan shirye-shiryen talabijin na duniya cikin wata goma sha biyu, ko ta shirya wa hakan ko ba ta shirya ba. A sauran manyan bukukuwan duniya, birni yakan nemi baƙunci da kansa, a ba shi shekaru masu yawa ya yi tanadi. A nan kuwa makin alƙalai da ƙuri'ar mutanen da suke zaune a ɗakunansu a wasu ƙasashe ne suke yanke hukuncin inda za a kashe miliyoyin kuɗi baɗi, kuma ba su yi la'akari da ko ƙasar tana da zauren da zai ɗauka ba, waƙa ce kawai ta burge su. Kowa ya ci ladan kuturu, in ji masu iya magana, dole ya yi masa aski.

Ba kowa ne ya iya askin ba. Holan ta ci a 1959 ta ce ba za ta iya sake ɗaukar ɗawainiyar ba domin ba ta daɗe da yi ba, sai aka kai gasar Landan. Faransa ma ta ƙi a 1963. Monako ta ci a 1971 ta rasa wurin da ya dace, aka yi a Edinburgh ta Birtaniya. Luksambak ta ci sau biyu a jere, ta yi baƙuncin farko ta ƙi na biyu, wanda hakan ya kai gasar birnin Brighton na Birtaniya a 1974, inda ABBA, shahararriyar ƙungiyar mawaƙan Suwidin, suka yi nasara. Isra'ila ita ma ta ci sau biyu a jere ta janye daga baƙuncin 1980, Holan ta karɓa. Sai dai ƙasar da labarinta ya fi ba ni tausayi da dariya a lokaci guda ita ce Ailan, wadda ta ci a 1992 da 1993 da 1994, ta huta shekara ɗaya ta sake ci a 1996. Ma'ana tasharta ta RTÉ, wadda ba ta cikin manyan tashoshin Turai, ta shirya gasar sau huɗu cikin shekara biyar. Har yau ana raha cewa an kai matsayin da mutanen tashar suke addu'ar kada su sake ci, kuma ko da raha ce, duk wanda ya san abin da shirin yake ci zai fahimci daga inda ta fito.

Aikin farko bayan nasara shi ne zaɓar birni, kuma sharuɗɗan ba na wasa ba ne. Ana neman rufaffen zaure da zai ɗauki kimanin mutum 10,000, da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a kusa, da ɗakunan otal na dubban baƙi, da wurin da manema labarai za su yi aiki. Akwai sharaɗi biyu da mai kallo ba ya tunawa da su, kuma su ne suke kayar da birane da yawa. Na farko shi ne ƙarfin rufin, domin fitilu da lasifikoki da alluna masu nauyin tan-tan duk a sama ake rataye su, zauren da rufinsa ba zai ɗauka ba kuwa ko ya kai fadar sarki kyau bai da amfani. Na biyu shi ne sai an sallama zauren baki ɗaya na tsawon mako shida zuwa takwas, wanda hakan yake nufin a soke ko a ɗage duk wani wasa ko biki da aka riga aka sayar da tikitinsa tun kafin a san ƙasar za ta ci. Lokacin da Birtaniya ta karɓi baƙuncin 2023, birane ashirin ne suka nuna sha'awa, aka tace su zuwa bakwai, sannan zuwa biyu, Glasgow da Liverpool, aka bayyana Liverpool ranar 7 ga Oktoba, 2022. Daga ranar zuwa daren ƙarshe wata bakwai ne da ƴan kwanaki.

Tarihin zaurukan da aka yi amfani da su yana nuna yadda masu masauki suke fama da wannan matsala, kowa da dabararsa. A 1993 Ailan ta kai gasar wani ƙaramin gari mai suna Millstreet, wanda mazaunansa ba su wuce kimanin 1,500 ba, aka yi ta a zauren wasan dawakai, sai da aka haƙe ƙasan zauren domin a sami tsayin da ake buƙata. A 2001 Danmak ta yi ta a filin ƙwallon Parken gaban mutum kusan 38,000, kuma darasin da aka koya shi ne yawan jama'a ba ya ƙara wa shirin talabijin armashi idan mafi yawansu ba sa hango dandamali. A 2011 Jamus ta rufe filin ƙwallo na Düsseldorf har tsawon makonni, aka gina wa ƙungiyar ƙwallon garin wani fili na wucin gadi ta ƙarasa wasanninta a ciki. Azabaijan kuwa sabon zaure ta gina dungurungum a Baku domin gasar 2012.

Wanda ya fi zama izina a ganina shi ne na Kopenhegan, babban birnin Danmak, a 2014. An zaɓi wani tsohon wurin ƙera jiragen ruwa da aka daɗe da bari, domin faɗinsa da tsayinsa sun ba masu zanen dandamali damar yin abin da ransu yake so, kuma a gaskiya shirin da ya fito a talabijin yana cikin mafi kyawun da na taɓa gani. Amma wurin ba zaure ba ne, kango ne, sai da aka cire ginshiƙai, aka gyara hanyoyi, aka shigo da duk abin da zauren kirki yake da shi tun asali. Da aka zo lissafi, kuɗin da ɓangaren birnin ya kashe ya kai kimanin kurona miliyan 112 na kuɗin Danmak, kusan ninki uku na abin da aka tsara. Tun daga nan, a duk lokacin da na ji wani birni yana alfahari da cewa zai yi gasar a wurin da ba a taɓa yin irinta ba, sai in ji ina tausaya wa akawunsa.

Su kuɗin daga aljihu da yawa suke fitowa. Kowace tasha mai shiga tana biyan kuɗin shiga gwargwadon girman ƙasarta, a tara a ba mai masauki wani kaso. Ƙasashen da suka fi zuba kuɗi, wato Faransa da Jamus da Italiya da Sifaniya da Birtaniya, an daɗe ana ba su gurbi a daren ƙarshe ba tare da sun bi ta zagayen tacewa ba, tsarin da ƙananan ƙasashe suke gunaguni a kansa, amma ba wanda ya kawo hanyar cike giɓin idan manyan suka janye hannu. Sauran kuɗin yana fitowa daga tashar mai masauki, da birnin, da masu talla, da tikiti, wani lokaci da gwamnati. A 2023 gwamnatin Birtaniya ta ba da fam miliyan 10, majalisar birnin Liverpool da hukumar yankin kuma kowacce ta ba da miliyan 2. Ko shiga kawai ba arha ba ce, domin a waccan shekarar Bulgeriya da Montenegro da Masedoniya ta Arewa duk sun zauna a gida saboda tsada.

Abin da ya faru a birnin Basel na Suwizalan ya burge ni ƙwarai. Bayan an ba birnin baƙuncin 2025, wata ƙaramar jam'iyya mai ra'ayin riƙau ta tara sa hannun jama'a ta tilasta a yi ƙuri'ar raba gardama a kan kimanin faran miliyan 35 na kuɗin Suwizalan da hukuma ta ware. A watan Nuwamba na 2024, wata shida kacal kafin gasar, mutanen yankin suka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi biyu cikin uku suka amince. Ban yarda da dalilan waɗanda suka kawo ƙorafin ba, amma na yarda da tambayar, domin kuɗin haraji ne, kuma ya dace wanda zai biya a tambaye shi. Sai dai ka ɗan tsaya ka yi tunanin halin masu shirya shirin, waɗanda suke rattaba hannu a kan kwangiloli alhali ba su da tabbacin ko kuɗin bukukuwan cikin gari zai fito.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma jadawalin gasar kusan ba ya sauyawa daga shekara zuwa shekara. A ƙarshen Janairu ake jefa ƙuri'ar raba ƙasashe zuwa zagaye biyu na tacewa, kuma ba a zuba sunayen a ƙwarya ɗaya ba: ana rarraba su rukuni-rukuni bisa tarihin yadda suke ba juna maki, domin a raba maƙwabtan da suka saba yi wa juna kara. A tsakiyar Maris shugabannin tawagogi suke haɗuwa a birnin da za a yi gasar, kowa ya miƙa waƙarsa da cikakken bayanin yadda yake so a nuna ta. A Afrilu manyan motoci suke fara sauke kaya a zaure. Kafin mawaƙa na ainihi su iso, ana ɗaukar wasu matasa ƴan gari masu iya waƙa da rawa su tsaya a madadinsu, su kwaikwayi kowane taku, a ɗauka a aika wa kowace tawaga ta duba ta yi gyara tana gida.

A nan ne na gano abin da ban taɓa zato ba, wato babu wani hoto da yake fitowa a allonka bisa dace. Kowace waƙa an yanka ta daƙiƙa-daƙiƙa, an rubuta wace kyamara ce za ta ɗauka a kowace gaɓa, daga wane ɓangare, tana matsowa ko tana ja da baya, an kuma ɗora duka a manhajar da take tafiya tare da kiɗan, ta yadda sauyin hoto da na fitila da tashin wuta ko hayaƙi duk suna faɗawa a kan bugu ɗaya. Mai ɗaukar hoton da yake yawo a kan dandamali da kyamara a ɗaure a jikinsa sai ya haddace takunsa kamar ɗan rawa, domin idan ya makara da daƙiƙa biyu zai bayyana a hoton abokin aikinsa. Kowace tawaga tana samun gwajin farko na kimanin rabin sa'a, daga nan a wuce da su wani ɗaki su kalli abin da aka ɗauka, su ce wannan hasken ya yi yawa, wancan hoton ya yanke hannun mawaƙiya. Ƙasashe 37 ne suka shiga a 2023 da 2024 da 2025, an kuma taɓa kaiwa 43, kowace tawaga tana ganin minti ukunta shi ne mafi muhimmanci a duniya, kuma aikin mai masauki ne ya saurari kowa da fuska ɗaya, har da wanda zai iya kayar da mawaƙin gida.

Da ka fahimci wannan, sai ka ga dokokin gasar da suke kama da son rai duk agogo ne ya haife su. Waƙa ba ta wuce minti uku. Mutanen da za su hau dandamali ba sa wuce shida. Ba a shigo da dabba mai rai. Babbar murya dole ta fito kai tsaye daga bakin mawaƙi, amma kiɗan naɗaɗɗe ne, kuma rabon da a ga cikakkiyar ƙungiyar makaɗa tana yi wa mawaƙa kiɗa tun gasar Birmingham ta 1998. Ina cikin masu kewar makaɗan, sai dai ban ga yadda za a jona kayan kiɗan ƙasa 26 a daidaita sautinsu cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Shi kansa ɗan fim ɗin da ake sakawa tsakanin waƙoƙi yana da tarihi mai ban dariya. A 1969 ƙasashe huɗu suka yi kunnen doki a matsayi na ɗaya, ba a kuma tanadi dokar raba su ba, aka ce duk sun ci. Wasu ƙasashe suka fusata suka ƙaurace wa gasar 1970 a Amsterdam, aka rage saura goma sha biyu, sai masu shirin suka ƙirƙiro gajerun fina-finan domin cike lokaci. Abin da aka ƙirƙira domin lokaci ya yi yawa, yau shi ne labulen da ake fakewa a bayansa domin lokaci ya yi kaɗan.

Gasar 2022 da aka yi a birnin Turin na Italiya ta nuna abin da yake faruwa idan mai zane ya manta da agogon nan. An gina dandamalin ne a kan wata ƙatuwar siffa ta rana, mai bakuna da aka tsara za su riƙa juyawa, fuska ɗaya allon hotuna, ɗayar kuma fitilu, kowace ƙasa ta zaɓi wadda take so. Da aka zo gwaji sai aka tarar injin ba zai iya juya ta cikin ɗan lokacin da ke tsakanin waƙa da waƙa ba. Aka yanke shawarar a bar ta a tsaye a fuska ɗaya ga kowa domin adalci, ta zama wani baƙin abu da ya tokare tsakiyar allon baya, tawagogin da suka kashe kuɗi da watanni suna tsara hotuna domin ɗaya fuskar suka koma gyara cikin gaggawa. A takarda zanen ya yi kyau ƙwarai.

Jerin fitowar mawaƙa ma aiki ne mai ƙaiƙayi. A da ƙuri'a ake jefawa, amma tun 2013 masu shirya shirin ne suke jerawa, bayan ƙuri'a ta nuna wa kowace ƙasa ɓangaren da ta faɗa. Hujjarsu ita ce kada waƙoƙi masu sanyi uku su biyo juna mai kallo ya yi gyangyaɗi, kuma kada ƙasa biyu masu manyan kaya su zo a jere ma'aikata su kasa sauyawa. Hujja ce mai kyau, amma iko ne babba a hannun mai masauki, domin kowa ya san wanda ya fito can ƙarshe ya fi zama a zukatan masu ƙuri'a, kuma har yau ba a taɓa samun wanda ya fito na biyu a daren ƙarshe ya ci ba. Shi ya sa lambar mawaƙin gida ita kam ƙuri'a ce take fitar da ita.

Kowane shiri daga cikin ukun, wato zagayen tacewa na Talata da na Alhamis da daren ƙarshe na Asabar, ana yin cikakken gwajinsa sau da dama tun daga farko har ƙarshe, wasu ma gaban ƴan kallo masu tikiti, har da sanar da maki na ƙarya domin a gwada layin kowace ƙasa. Gwajin daren jajibiri kuwa ba gwaji ba ne ga mawaƙa, domin shi alƙalai suke kallo su ba da makinsu, kuma ana naɗe shi a ajiye saboda ko da wani abu zai katse shirin kai tsaye. Amfanin irin wannan tanadi ya fito fili a Rotterdam a 2021, bayan annobar korona ta sa an soke gasar 2020, karo na farko a tarihinta. An sa kowace ƙasa ta naɗi wasanta a gida tun kafin tafiya. Tawagar Ostareliya ba ta sami zuwa ba, aka saka nata naɗin. Wani daga cikin mawaƙan Aisilan ya kamu da cutar bayan sun iso, aka saka hoton gwajinsu, suka kuma zo na huɗu suna zaune a otal. Akwai kuma abin da ba ya tanaduwa, kamar mutumin da ya kutsa dandamali yana tsakiyar waƙar Sifaniya a Oslo a 2010, aka ba mawaƙin dama ya sake, ko wanda ya fizge makirufo daga hannun mawaƙiyar Birtaniya a Lisbon a 2018, ta jira aka miƙo mata wani ta ƙarasa.

Ƙuri'a ita ce inda mutuncin gasar yake rataye. Tsarin maki daga 1 zuwa 8, sannan 10 da 12, yana nan tun 1975, kuma ƙasa ba ta zaɓar kanta. An fara gwada ƙuri'ar masu kallo ta waya a ƙasashe biyar a 1997, aka dawo da alƙalai su riƙe rabi a 2009, daga 2016 aka raba sanar da makin alƙalai da na jama'a domin kada a san wanda ya ci tun da wuri, a 2023 kuma aka buɗe wa masu kallo daga ƙasashen da ba sa cikin gasar su ma su zaɓa ta intanet. Duk wannan dole a tattara shi, a tantance, a miƙa wa masu gabatarwa cikin ɗan lokacin da ake nishaɗantar da jama'a da wasan cike gurbi. Wasan nan ma ba a raina shi, domin a irin wannan gurbi ne rawar Riverdance, wadda aka gina a kan rawar gargajiyar Ailan, ta fara bayyana a Dublin a 1994, ta kuma fi waƙoƙin shekarar daɗewa a bakin mutane. Kuskure yana faruwa: a 2019 an shigar da makin da aka lissafa a madadin alƙalan Belarus a juye, sai bayan kwanaki aka gyara jadawalin, a 2022 kuma an soke makin alƙalan ƙasashe shida saboda yadda suka ba juna maki ya nuna alamar haɗin baki. Na fi ganin girman mai shirya gasar da ya fito ya ce ya yi kuskure a kan wanda ya rufe.

Saura siyasa, wadda dokar gasar ta ce babu ita, alhali kowace shekara da ita ake kwana. Jojiya ta janye a 2009 bayan an nemi ta sauya baitin da ake gani habaici ne ga shugabancin Rasha, mai masaukin shekarar. A 2017 Yukren ta hana mawaƙiyar Rasha shiga ƙasar, Rasha ta fasa zuwa. A 2022 aka cire Rasha baki ɗaya bayan ta mamaye Yukren. A birnin Malmö na Suwidin a 2024 zanga-zangar adawa da shigar Isra'ila ta kai ga sai da ƴan sandan Danmak da na Nowe suka zo taimaka wa na Suwidin, kuma a ƙarshen 2025 tashoshin Sifaniya da Ailan da Holan da Sulobeniya da Aisilan suka sanar da ƙaurace wa gasar 2026 ta Biyana, babban birnin Ostiriya, a kan wannan batu. Mai masauki ba shi ne yake yanke hukuncin wanda zai shiga ba, amma a titunansa ake yin zanga-zangar, kuma shi ne zai tsare lafiyar kowa.

Baƙuncin da na fi jinjina wa shi ne na Liverpool, domin biki ne na wani aka yi a gidan wani. Yukren ce ta ci a 2022, yaƙi ya hana ta karɓar baƙi, Birtaniya da ta zo ta biyu ta karɓa a madadinta. Da BBC ta so, da ta mayar da makon tallar kanta, amma sai ta yi aiki tare da tashar Yukren, aka saka ƴar Yukren cikin masu gabatarwa, aka haɗa wuraren Yukren a cikin gajerun fina-finan gabatarwa, mawaƙan ƙasar suka cika wasannin buɗewa. Duk da haka, da shugaban Yukren ya nemi ya yi jawabi a daren ƙarshe, EBU ta ƙi, bisa hujjar cewa dandamalin ba na ƴan siyasa ba ne. Mutane da yawa sun ji haushi, ni kuwa ina ganin idan aka buɗe wannan ƙofa sau ɗaya saboda dalili mai kyau, ba za a iya rufe ta ba ranar da mai dalili maras kyau ya zo.

An sha gwada kwaikwayon gasar a wasu wurare. A Amurka an yi ta tsakanin jihohi a 2022, ba ta wuce shekara ɗaya ba. Rasha ta farfaɗo da tsohuwar gasar Intervision ta zamanin Tarayyar Sobiyet a Satumban 2025, Biyetnam ta ci. Dokoki da fitilu da tsarin maki duk ana iya kwafarsu, abin da ba ya kwafuwa cikin sauƙi shi ne ilimin da yake yawo daga birni zuwa birni a kan mutane, domin da yawa daga cikin masu kula da dandamali da daraktocin kyamara da masu tattara ƙuri'a su ne dai na bara, sabuwar tashar tana ɗaukar su aiki ne saboda sun san inda ramukan suke.

Shi ya sa yanzu, bayan an kashe shirin, nakan nemi taron manema labarai da ake yi wa wanda ya ci, wanda yawanci ake fara shi can cikin dare. Mawaƙin yana zaune da kofinsa a gaba, muryarsa ta dushe, yana gode wa kowa. A tsakiyar taron sai wani babban jami'in EBU ya taso ya miƙa wa shugaban tawagar wani kundi, wanda yake ɗauke da bayanan farko na abin da ake buƙata daga mai masauki. Ana tafi, ana ɗaukar hoto, shi ma yana murmushi. Ni dai fuskarsa nake kallo, ba ta mawaƙin ba, domin a daidai wannan lokaci ma'aikata masu baƙaƙen kaya sun riga sun fara kwance fitilu a cikin zaure, shi kuma an gaya masa cewa nan da ƴan makonni ana jiran sa a taron farko.